Keken hawan dutse mai giya guda

Ɗan'uwa mai karatu, ka taɓa ganin keke mai kaurin taya da miƙaƙƙen kai? Ana samun irinsa cikin kasuwannin Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai. Da yawa daga cikinsu an riga an hau su a Turai kafin su iso nan. Waɗanda sunka yi lakkol suna ce mashi VTT. Mu kuwa sai mu ce keken hawan dutse.

Keken nan iri biyu ne. Akwai mai giya da yawa. Ba giyar mashaya ba, giyar da ake canjawa don feda ta yi sauƙi ko ta yi nauyi. Wani ma har sifirin gare shi a gaba, don shanye gargada. Akwai kuma wanda ba shi da ko ɗaya: giya guda, ƙarfe sanƙararre tun daga gaba har baya. Wanga na biyu shi ne za mu yi magana bisa kansa. Za mu ga ƙaƙa ake haɗa shi, da ƙaƙa ake yi mashi hawan farko.

Daga ina ya fito?

Asalin wanga keke daga Amurka ne, cikin jihar Kalifoniya, wani yanki mai tuddai da ake ce ma Marin. Wajen shekarun 1970 wasu samari na can sunka riƙa tsintar tsofaffin kekuna masu kaurin taya, waɗanda anka ƙera tun shekarun 1930 da 1940. Kekunan masu nauyi ne, giya guda gare su, ba su da sifirin. Sai su kai su bisa tudu, su hau, su gangaro da gudu.

Cikin shekarar 1976 sunka fara tsere kusa da garin Fairfax. Tsawon hanyar ya ɗara kilomita 3, gangararta kuwa wajen mita 400. Birkin kekunan cikin tsakiyar tayar baya yake, sai an taka feda baya ya kama. Kafin a kai ƙasa birkin ya yi zafi, giris ɗin ciki ya ƙone har hayaƙi na fita. Dole a buɗe a sake cusa wani giris. Shi ya sa anka sa ma tseren suna Repack, wato sake cusawa.

Cikin 1977 ɗaya daga cikinsu, Joe Breeze, ya ƙera sabon keke musamman don wanga aiki. Cikin 1981 kamfanin Specialized ya fara fid da su da yawa ga kasuwa. Daga nan anka yi ta ƙara masu giya da sifirin. Cikin 1996 tseren keken dutse ya shiga wasannin Olimpik a birnin Atlanta. Amma har yau akwai masu komawa ga irin na farko, don sun ga amfaninsa.

Mi ya sa giya guda?

Amsar gajera ce: abin da babu shi ba ya lalacewa.

Keke mai giya da yawa yana da wani ƙaramin ƙarfe da ke rataye kusa da tayar baya. Shi ke ɗaga kaca daga wani faifai zuwa wani. Dutse ya buge shi, sai ya lanƙwashe. Rairayi ya shige shi, sai ya cije. Sifirin ma haka: ƙura na cin robarsa, in ya mutu sai ya bar ka da nauyin banza. Kayan gyaransu ba ko'ina ake samu ba. Mai giya guda kuwa, kowane mai faci na bakin kasuwa ya san kansa. Kai ma da sufana biyu ko uku za ka iya.

Amma kada in ɓoye maka aibinsa. Ga hawa mai tsanani sai ka miƙe tsaye bisa feda, wani lokaci ma ka sauka ka tura. Ga kwalta mai santsi mai giya da yawa zai wuce ka. Gargada kuma jikinka ne zai sha ta. In ka yarda da wannan, mu ci gaba.

Lissafin haƙora

Tun da giya guda ce, dole ka zaɓe ta da hankali. Kaca tana bisa faifai biyu masu haƙora: babba wajen feda, ƙarami ga tayar baya. Zauna ka ƙirga haƙoran kowane.

A ce na gaba haƙora 32 gare shi, na baya 16. Raba 32 gida 16, ka samu 2. Ma'ana, in feda ta juya sau 1, tayar baya ta juya sau 2. Taya mai lamba 26, juyinta guda ya kai wajen mita 2. Ke nan kowane juyin feda yana kai ka mita 4.

To, in na baya haƙora 20 ne fa? Taya ba za ta cika juyi 2 ba. Tafiyar ta ɗara mita 3 kaɗan. Gudu ya ragu, amma ƙafa ta samu sauƙi.

Ga abin riƙewa: yawan haƙora a baya, sauƙin tuƙi, ƙarancinsu, ƙarin gudu. Mutumin Adar, wajen Keita ko Buza, inda tuddai da duwatsu sunka yi yawa, ya nemi 18 ko 20. Haka mai ratsa rairayin gulbi, da mai ɗaukar kaya. Wanda hanyarsa shimfiɗaɗɗiya ce mai tauri, 16 ta ishe shi. Keken gari da munka saba da shi, faifansa na gaba ya fi haƙora 40. Shi ya sa yake kashe gwiwa ga hawa.

Haɗawa

Samu wuri mai inuwa. Shimfiɗa tabarma ko buhu, don kada ƙananan noti su ɓace cikin ƙasa. Tanadi sufana, giris, famfo da tsumma. In wanga ne karonka na farko, zauna kusa da mai gyaran keke, ka yi aikin da hannunka yana kallo.

1. Duba jikin keke, wato babban ƙarfen da komi ke kamawa gare shi. Goge shi, ka bi duk inda anka yi walda. In ka ga tsaga ko da kamar zare ce, kada ka yi aiki da shi. Duba kuma inda tayar baya ke shiga. In tsagin dogo ne a kwance, madalla, za ka iya jan taya baya don kaca ta miƙe. In gajere ne a tsaye, sai an ƙara ɗan ƙarfen da ke danne kaca.

2. Sa gwafar gaba, wato ƙarfe mai ƙafa biyu da ke riƙe da tayar gaba. Shafa giris ga ƴan ƙwallayen ƙarfe na wuyanta. Lura: lanƙwasar gwafa gaba take kallo. Mutane da yawa na sa ta a juye. Ɗaure ta yadda kai zai juya da sauƙi, amma ba ya kaɗawa.

3. Sa tayoyi. Karanta lambar da ke rubuce ga gefen taya, misali 26 x 2.10. Robar ciki mai riƙe iska ita ma lambarta ta dace da wannan. In akwai hoton kibiya ga taya, ta nuna wajen da taya ke juyawa in ana tafiya gaba.

4. Sa feda. Nan ne karatu zai yi maka rana. Ga gindin kowace feda akwai harafi. R ko D, ta dama ce. L ko G, ta hagu ce. Ta hagu ba ta ɗauruwa kamar sauran noti, a juye take shiga. Ga dabara: kowace feda, juya ta zuwa wajen tayar gaba, sai ta ɗauru. Fara da yatsa. In ta ƙi shiga, kada ka tilasta da sufana, za ka cinye haƙoran ramin.

5. Sa kaca. Tsaya bayan keke ka hanga: faifan gaba da na baya su yi layi ɗaya. In sun karkace, kaca za ta riƙa faɗuwa. Ja tayar baya har kaca ta miƙe. Danna tsakiyarta da yatsa: ta motsa sama da ƙasa kamar santimita 1. In ta yi tauri kamar tsirkiyar baka, za ta ci haƙora. In ta yi sako-sako, za ta zame. Sa'annan ka ɗaure notin dama da na hagu tamau, taya na tsakiya daidai.

6. Gyara birki. Robar birki ta kama gargaren ƙarfe, kada ta taɓa taya. In ka matse hannun birki, ya kama tun bai kai ga kan keke ba.

7. Daidaita sirdi. Zauna, ka sa diddige bisa feda tana ƙasa. Ƙafarka ta miƙe sosai. Ga sandar sirdi akwai zanen layi. Kada layin nan ya fito waje, sandar na iya karyewa ko ta tsaga jikin keke.

Kafin ka hau

Rigakafi ya fi magani. Yi gwaji huɗu. Ɗaga keke kaɗan ka sake shi, ka saurara: duk abin da ya yi kacau-kacau bai ɗauru ba. Matse tayar gaba tsakanin gwiwoyinka ka murɗa kai: kada ya juya shi kaɗai. Kama birkin gaba ka tura keke gaba da baya: in ka ji ƙwas-ƙwas ga wuya, ƙara ɗaurewa. Juya kowace taya ka duba ko tana rawa.

Ni mai wanga rubutu na taɓa ƙetare gwajin nan don ɗoki. Notin baya ban ɗaure su da kyau ba. Ina cikin hawan wani tudu, na miƙe na taka da ƙarfi, sai taya ta zamo gaba, kaca ta faɗi. Gwiwata ta bugi ƙarfe, na sha ƙasa. Ba ni da sufana cikin aljihu. Haka na turo keke har gida ina ɗingishi, yara na yi mani sannu suna dariya. Kwana da kwanaki ban iya durƙusawa ba.

Hawan farko

Kada ka fara da tafiya mai nisa. Zagaya kusa da gida tukuna, ka gwada birki sau da yawa. Sa'annan ka nemi hanyar da ka sani, da safe ko da la'asar. Ɗauki ruwa, sufana, famfo da kayan faci, don ƙaya ba ta san sabon keke ba.

Ga gargada da tsakuwa: ɗaga jikinka kaɗan daga sirdi. Lanƙwasa gwiwar hannu da ta ƙafa. Su ne sifirin ɗinka. Kada ka ƙanƙame kai, riƙe shi kamar linzami. Dubi gaba inda kake son bi, ba dutsen da kake tsoro ba.

Ga hawa: ɗauki gudu tun kana ƙasa. In feda ta yi nauyi, miƙe tsaye ka taka da nauyin jikinka. In ta ƙi, sauka ka tura. Ba abin kunya ba ne.

Ga gangara: ja jikinka baya, feda biyu su daidaita, ka kama birki biyu tare a hankali. In ka danne na gaba shi kaɗai da ƙarfi, keke zai jefa ka ta bisa kai.

Ga rairayi: kada ka daina tuƙi, kada ka murɗa kai da sauri. In hanyarka rairayi ce da yawa, rage iskar taya kaɗan don ta shimfiɗu. Amma kada ka rage ƙwarai, dutse zai tsunkule robar ciki ta huje.

Bayan ka dawo

Sabon haɗi yakan saki jiki. Bi noti duka ka sake ɗaurewa. Duba kaca, duba wayar birki, don sabuwar waya takan ƙara tsawo. Ɗiga mai kaɗan ga kaca, ka goge saura da tsumma. Mai in ya yi yawa sai ya kama ƙura, ƙura kuwa ta ci ƙarfe kamar dutsen niƙa. Ajiye keke cikin inuwa, rana na fasa taya.

Keken da ka haɗa da hannunka, ka san kowane noti nasa. Ranar da ya tsaya maka tsakanin gari da gari, ba sai ka jira mai wucewa ba.

Tambayoyi

1. Cikin wace ƙasa keken hawan dutse ya samo asali?
2. Faifan gaba haƙora 36, na baya 18. Sau nawa taya ke juyawa in feda ta juya sau 1?
3. Wane harafi ke nuna fedar hagu?
4. Ƙaƙa hanyar garinku take? Haƙora nawa za ka zaɓa a baya, kuma don mi?