Bututun roba da fanka a zafin Maijirgi

A Maijirgi, garin da ke bakin babbar hanyar Tasawa zuwa Damagaram, zafin bazara yakan haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, kuma shagon da aka rufa da kwano yakan fi waje turiri, shi ya sa kwamfutar mai buga takardu ko mai zuba waƙoƙi a waya take rage gudu da kanta idan ƙwaƙwalwarta, wato guntun da ke sarrafa lissafi, ta doshi digiri 90 zuwa 100. Dabarar da mai gyara zai iya komawa gare ta ita ce ya fitar da kayan cikin na'urar daga akwatinsu, ya ɗaure su a kan firam buɗaɗɗe na bututun roba mai suna PVC, sannan ya jera fankoki a gefe.

Dalili na farko shi ne araha, domin bututun ruwa yana yankuwa da zarto, ana haɗa shi da gwiwa ba tare da an nemi mai walda ba, kuma ba ya ɗaukar wutar lantarki. Na biyu ya shafi wutar kanta. Jihar Maraɗi, inda Maijirgi yake, ta daɗe tana dogaro da layin da ya taso daga Katsina zuwa Gazawa, kuma da Najeriya ta yanke wutar a watan Agustan 2023 bayan juyin mulkin Yamai, sola da batir sun ƙara daraja. Fankar kwamfuta kuwa da bolt 12 take aiki, daidai da batirin sola.

Sai dai robar ba ta sanyaya komai, riƙo kawai take yi. PVC yana fara laushi idan zafi ya wuce digiri 60, rana kuma tana busar da shi har ya riƙa tsagewa, don haka bututu mai kauri na ruwan famfo ya fi siririn da ake zura wayar lantarki a ciki, wanda yake lanƙwashewa idan ya ɗauki nauyi kusa da ƙarfen da ke zuƙe zafin ƙwaƙwalwa. Fanka mai faɗin milimita 120 tana tura iska fiye da mai 80 alhali juyinta bai kai nata sauri ba, kuma wadda gindinta ke juyawa a kan ƙananan ƙwallayen ƙarfe ta fi jure zafi bisa wadda ta dogara da ɗigon mai, mai saurin bushewa.

Babbar hasarar tana zuwa da hunturu, lokacin da ƙura ke cika iska daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Akwatin ƙarfe yana karɓar matacin ƙura a bakin fanka, yana kuma kwashe cajin da gogayya ke tarawa a busasshiyar iska ya kai shi ƙasa. Firam ɗin roba ba ya yin ko ɗaya, sai ƙura ta toshe haƙoran ƙarfen sanyaya, zafin da aka kora a bazara ya dawo a tsakiyar sanyi, sai fa idan an lulluɓe firam ɗin da gidan sauro mai ƙananan ido, ana kuma hure shi duk mako.