Bayan An Yi Wa Jaririnku Aikin Zuciya: Abin Da Za Ku Tarar A Asibiti

Ranar da likita ya fito daga ɗakin tiyata ya ce muku an gama aiki lafiya, za ku yi hamdala. To amma da an shigar da ku kun ga yaron, mai yiwuwa gabanku ya faɗi. Ga shi kwance ba motsi, fuska ta kumbura, roba a baki, roba a ƙirji, na'ura sai ƙara take yi. A nan ne iyaye da yawa kan fashe da kuka, suna zaton aikin bai yi kyau ba. Ku kwantar da hankalinku. Kowace roba da aikinta, kuma duk wadda aka cire, alama ce yaro ya ƙara matsowa kusa da gida.

Ba ku kaɗai ba ne

A cikin jarirai 1,000 da ake haifa, kimanin 8 kan zo da matsala a halittar zuciya. Wadda aka fi samu ita ce rami a bangon da ya raba ɗakunan zuciya biyu na ƙasa. Wannan ba sammu ba ne, kuma galibi ba wani kuskure uwa ta yi ba. Aikin ma ba baƙo ba ne. Tun 1953 aka yi nasarar amfani da injin da ke riƙe aikin zuciya da huhu lokacin tiyata a Amurka, a Najeriya kuwa an fara aikin buɗe zuciya a Inugu a 1974.

Ɗakin kulawa ta musamman

Nan za a fara kai shi. Robar da ke bakinsa ko hancinsa tana haɗe da na'urar taimakon numfashi. Ta bi ta maƙogwaro ne, don haka ko ya yi kuka ba za ku ji murya ba. Ana ba shi maganin barci da na rage zafi ta jijiya. Robar ƙirji tana fitar da jini da ruwan da suka taru a wurin aiki, ta mafitsara kuma don a auna fitsarinsa kowace awa, domin yawan fitsari na nuna yadda zuciya ke tura jini zuwa ƙoda. Siraran wayoyin da suka fito ta ƙasan ƙirji an bar su ne ko da bugun zuciya zai rikice a daidaita shi.

Kumburin jiki ruwa ne da ya taru sakamakon injin da aka yi aiki da shi, kuma yakan saɓe cikin 'yan kwanaki da taimakon maganin sa fitsari. Daren farko shi ne aka fi sa ido, saboda ƙarfin zuciya kan ɗan ragu sa'o'i kaɗan bayan aiki kafin ya dawo. A wasu sababbin haihuwa likita kan bar ƙashin ƙirji a buɗe, a rufe wurin da bandeji na musamman, sai kumburi ya sauka a ɗinke. Dabara ce, ba mantuwa ba.

Ku wanke hannu da sabulu, ku taɓa kansa ko tafin ƙafarsa, ku yi masa magana a hankali. Ya san muryarku.

Nono shi ne babban aikinki

Ke uwa, kada ki ce ba ki da abin yi tunda ba ya iya kama nono. Ki riƙa tatsa kamar kowace awa 3, har da dare, don kada ruwan ya ɗauke. Nas za ta nuna miki yadda ake adana shi, a kuma ba shi ta siririyar robar da ke bi ta hanci zuwa ciki. Ki ci abinci, ki sha ruwa, ki samu barci.

Bayan an cire na'urar numfashi muryarsa kan dishe na ɗan lokaci, kuma yakan gaji da wuri wajen tsotso. Sau da yawa abin da ke jinkirta sallama ba zuciyar ba ce, cin abinci ne da ƙarin nauyi, shi ya sa ake ɗora shi a sikeli kullum. Idan ruwan robar ƙirji ya koma fari kamar madara, likita na iya canza masa abinci na wasu makonni. Ki ci gaba da tatsa.

Ɗauka da kula da ɗinki

Ƙashin ƙirji yana buƙatar kamar mako 6 kafin ya haɗe. A tsawon wannan lokaci kada a ɗaga yaro ta hammata ko a ja shi ta hannu. Ku sa hannu ɗaya a ƙarƙashin wuya da kafaɗa, ɗaya a ƙarƙashin mazaunai. Goyo yana danne ƙirji, sai likita ya ba da izini. Kada a shafa man shanu, hoda ko maganin gargajiya a kan ɗinki, kada kuma a gasa wurin da ruwan zafi. 'Yan dubiya su yi haƙuri, mai mura ko tari ya aiko da gaisuwa daga nesa.

Ku kira nas nan take idan kun ga:
• numfashi da sauri, ko ƙirji na lotsawa;
• leɓe ko harshe ya ƙara yin shuɗi, ko jiki ya yi fari fat;
• zafin jiki ya kai digiri 38;
• ya ƙi nono, ko yana yawan amai, ko gumi wajen tsotso;
• ɗinki ya yi ja, ya kumbura, ko yana fitar da ruwa;
• fitsari ya ragu.

Idon uwa yakan riga na'ura ganin canji. Kada kunya ta hana ki magana.

Kafin sallama

Wanda aka yi wa gyara mai sauƙi kan yi kamar mako ɗaya, mai babban aiki kuwa yana iya kai makonni. Kada ku gwada ɗanku da na gadon kusa, sannu ba ta hana zuwa. Kafin ku tafi, ku auna maganin da sirinji a gaban nas har hannunku ya faɗa. Ku tambayi lokacin da za a ci gaba da allurar rigakafi, ku rubuta ranar dawowa hoton zuciya, ko da yaro ya yi ɓulɓul kada ku tsallake ta.

Allah Ya ba shi lafiya, Ya raya mana shi.