Babi na Tara: Paula Hammond da Ƙwayar Magani Mai Rufi-Rufi

Wanda ya taɓa jinyar mai ciwon daji ya san yadda allurar kemo take yi wa jiki: gashi ya zube, baki ya yi gyambo, amai ya ƙi tsayawa. Maganin dafi ne, kuma ba ya tantance ƙwayar cuta da lafiyayya. Saboda haka masana suka daɗe suna neman dabarar kai shi inda ciwon yake kawai.

Paula Hammond, baƙar fata 'yar Amurka da aka haifa a birnin Detroit a 1963, tana cikin waɗanda suka ba da rayuwarsu ga wannan aiki. Ba likita ba ce, injiniyar sinadarai ce. Ta yi digirinta na farko a jami'ar MIT a 1984, ta yi aiki a kamfanin Motorola, sannan ta koma MIT ta kammala digirin digirgir a 1993. A 2015 ta zama mace ta farko da ta shugabanci sashen injiniyan sinadarai na jami'ar.

Ƙwayoyin da take ƙerawa ƙanana ne ƙwarai, silin gashi guda ya fi su kauri kusan sau dubu. Ana gina su rufi bisa rufi kamar albasa, kowane rufi na ɗauke da cajin lantarki kishiyar na ƙasansa, sai su manne da juna. A tsakiya ake ɓoye maganin. Rufin da ke biye yana ɗauke da wani sinadari mai suna siRNA, wanda ke toshe hanyar da ƙwayar cutar take bi ta fitar da magani waje. Nan ne gwanintar take, domin ƙwayar daji ta iya tofar da abin da aka ɗura mata. Rufin waje kuwa shi ke hana garkuwar jiki cafke ƙwayar maganin, kuma shi ke manne ta a jikin ƙarin.

A 2013 ita da ɗalibanta suka gwada wannan tsari a kan wani mugun nau'in sankarar mama a jikin ɓeraye, ƙarin ya motse. Daga baya ta mayar da hankali kan sankarar ƙwan mace.

Amma mai karatu ya yi hattara: nasara a jikin ɓera ba waraka ba ce a jikin mutum, kuma tsakanin ɗakin gwaji da gadon asibiti akan ɗauki shekaru masu yawa.