Yadda ake kwance birkin tsohon babur mai ƙafa uku idan tsatsa ta cije shi

Duk mai bibiyar bidiyon gyaran tsofaffin injuna a YouTube ko TikTok zai taɓa cin karo da wani babur mai manyan tayoyi uku kamar balan-balan, ɗaya a gaba biyu a baya, an jawo shi daga rumbun wata gona a Amurka. Ba Keke Napep ba ne. Babur ne na shiga daji, yashi da laka, wanda kamfanin Honda ya fara fitarwa a 1970 da sunan US90, daga baya ya koma ATC. Yawan kifewar da yake yi da mutane, musamman yara, ya sa kamfanoni suka cimma yarjejeniya da gwamnatin Amurka a 1988 ta daina sayar da sababbi. Ke nan duk wanda ya rage yau ya haura shekara 35, kuma wasu kayansa na asali sai an sha wuya ake samu. Shi ya sa wanda ya fasa wani ɓangare da guduma yake daɗewa yana cizon yatsa.

Abin mamaki, injin irin wannan babur sau da yawa yana tashi bayan an wanke kafireta an zuba sabon mai. Birki ne ke ba da wahala.

Yawancin ƙananan samfuran, irin su ATC 90 da ATC 110, birkin ganga suke da shi, wanda makanikai ke kira dram. A cikin gangar akwai takalma biyu masu lanƙwasa, a tsakaninsu kuma wani gajeren ƙarfe mai faffaɗan kai da ake kira kam. Idan aka taka birki, waya ko sanda tana jan hannun da ke waje, ƙarfen ya juya, ya buɗe takalman su matse gangar. Tsarin ɗaya ne da na birkin bayan baburan haya da ke yawo a Kano ko Maradi.

Kafin a ɗauki kowane makami, a fara gano inda cijewar take. A cire wayar birki daga hannun, sannan a gwada kowanne shi kaɗai. Idan wayar ce ta ƙi motsi, an huta: a ɗiga mata mai, in ta ƙi a sauya ta, don ba ta da tsada. Idan kuwa hannun ne ya tsaya cak, to matsalar tana wajen ƙarfen kam, kuma a nan aikin yake.

Dalilin cijewarsa shi ne haɗuwar ƙarafa biyu. Shi kam ɗin baƙin ƙarfe ne, ramin da yake juyawa a ciki kuma a yawancin samfura alminiyam ne. Ruwa ya shiga, giris ya bushe, sai alminiyam ya fara fitar da wani farin gari da ya fi asalin ƙarfen cin wuri. Garin ya cika ɗan sararin da ke tsakani ya riƙe kam ɗin tamkar siminti. Babur ɗin da aka yi don ratsa kogi da taɓo, sannan aka ajiye shi shekara goma ba a wanke ba, dole hakan ta same shi.

Sai an cire gangar kafin a kai gare shi, ita ma tana iya yin gardama. A sassauta notin daidaita birki gaba ɗaya, a tura babur ɗin gaba da baya, a riƙa bubbuga gefen gangar da gudumar roba ko katako. Ba a dukan bakin sandar taya kai tsaye, domin zaren noti zai lalace. Wani lokaci fatar takalmin ce ta ɓalle ta maƙale a ciki. Idan gangar ta fita, kada a hura ƙurar da baki ko da iska: takalman birki na wancan zamani suna iya ɗauke da asbestos, wanda ƙurarsa ke jawo cutar huhu da daji. A jiƙa ta da ruwa a goge, da takunkumi a fuska.

Daga nan a ɗauki hoton komai da waya, musamman yadda hannun ya zauna a kan haƙoran kam. Honda kan sa ɗan ɗigo a jikin kowannensu don a daidaita su wajen mayarwa. A cire takalman da sifirin, a kankare tsatsar da ake gani, a fesa man da ke ratsa tsatsa ta ɓangarorin biyu. WD-40 yana taimakawa, amma masu wannan aiki a Amurka sun fi yaba PB Blaster da Kroil, wasu kuma suna haɗa man giya na mota mai otomatik da asitom rabi da rabi. Ko wanne aka zaɓa, lokaci ne maganin. A fesa, a ɗan bubbuga, a bar shi ya kwana, a sake. Kwana biyu ko uku ba su yi yawa ba.

Idan ya ƙi, sai zafi. Alminiyam yana buɗewa kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe idan ya ji wuta, don haka jikin ramin ake gasawa, ba kam ɗin ba. Amma a yi hattara: alminiyam ba ya yin ja kafin ya narke, kuma yana narkewa a wajen digiri 660. A cire farantin daga jikin babur, nesa da tankin mai, a goge man da aka fesa tunda yana kama wuta. Kada a kusantar da wuta inda aka fesa maganin wanke birki mai sinadarin kulorin, domin yana rikiɗewa ya zama iska mai guba.

Da zarar ya nuna alamar motsi, ko da kaurin gashi ne, a riƙa juya shi gaba da baya ana ƙara mai, maimakon a murɗa shi gefe guda da ƙarfi. Idan za a tura shi waje, a tallafi bayan ramin da guntun bututu don kada farantin ya tsage, a mayar da noti a bakin zaren, a buga a hankali.

Bayan ya fita, a goge shi da ramin da samfefa mai laushi, a shafa giris kaɗan mai jure ruwa, a sa sabuwar robar da ke tare ruwa. Takalman da mai ya taɓa sun tashi aiki, sai sababbi.

Samfuran tsere irin ATC 250R birkin faifai ne da su, kuma a can fistin ne ke cijewa saboda man birki yana shan danshi. Ana turo shi da matsin man birkin kansa. Man fesawa ba ya zuwa kusa da robobinsa, domin yana kumbura su. Kowane iri ne, a gwada birkin da turi a fili kafin a kunna inji.