Hukuncin Buɗe Waya Ko iPad Mai Makullin iCloud

Tambaya: Malam, na sayi tsohuwar iPad ta hannu da araha. Da na kunna ta sai ta nemi asusun mai ita na farko, shi kuma wanda ya sayar mini ya ce bai san shi ba. Wani mai gyara ya ce zai iya tsallake makullin. Shin ya halatta in ba shi? Kuma kuɗin da yake karɓa halal ne?

Amsa: Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah.

To ɗan'uwa, kafin hukunci sai ka san mene ne makullin. Kamfanin Apple ya fito da shi a shekarar 2013 tare da iOS 7. Idan mutum ya kunna Find My a wayarsa, kamfanin yana ɗaure na'urar da asusunsa a can rumbun kamfanin, shi ya sa ko an yi mata filashin ba za ta buɗe ba sai an saka kalmar sirrin mai ita. Wayoyin Android ma suna da irinsa tun daga Android 5.1. An yi shi ne domin ɓarawo ya rasa amfanin abin da ya sata. Tsofaffin na'urori kuwa, daga iPhone 4S zuwa iPhone X da iPad na zamaninsu, an gano wata kafa a cikin ƙirarsu a 2019, kuma yawancin abin da masu gyara ke kira baifas ta nan yake bi.

Shi buɗewar a karan kansa aiki ne na hannu kamar ɓalle kwaɗo. Wanda ya ɓatar da makullin ɗakinsa ya kira kafinta babu laifi a kansa, wanda ya kira shi ya ɓalle ɗakin maƙwabci ya yi zalunci. Don haka hukuncin yana bin amsar tambaya guda: na'urar ta wane ce?

Idan taka ce, ka manta kalmar sirri, buɗe ta halal ne, ladan mai gyara ma halal ne. Sai dai ka fara bin ƙofa: ka nemi sabunta kalmar sirrin, in ya gagara Apple yana karɓar buƙatar cire makulli ga wanda ya kawo rasit mai ɗauke da lambar na'urar. Haka idan ka saya a hannun wanda ka sani ya manta bai fitar da asusunsa ba, ka kira shi, yana iya cire ta daga shafin iCloud ko yana wani gari. Idan ta mamaci ce, ta zama gado, ba ta wanda take hannunsa ba ce har sai an raba ko magada sun yarda. A kiyaye sirrin mamacin, kada a bi hotuna da saƙonninsa sai abin da ya shafi bashi ko wasiyya ko haƙƙin wani.

Matsalarka ta fi waɗannan nauyi, domin wanda ya sayar maka bai san mai asusun ba. Gaskiya ne makulli shi kaɗai ba hujjar sata ba ne. A cikin kayan hannu da ake shigowa da su daga Amurka da Ingila akwai waɗanda masu su suka yar ko suka sayar ba su fitar da asusu ba. Asali kuma abin da ke hannun mutum nasa ne, ba a ɗora maka tuhumar kowane ɗan kasuwa ba. Amma wannan asalin yana rauni idan alamomi suka taru: kuɗi ya yi arahar da hankali ba zai ɗauka ba, babu kwali babu rasit, mai sayarwa yana gaggawa, an kasa faɗin inda aka samo ta. A nan ka shiga shubuha, kuma hadisin Nu'uman bin Bashir da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya nuna cewa nisantar shubuha shi ne tsare addini da mutunci. Kai ma ka san yadda ƙwacen waya ya addabi mutane a Kano da wasu garuruwa, har ana rasa rai a kan wayar da ba ta taka kara ta karya ba. Mai ƙwace ba ya riƙe wayar, kaiwa yake inda za a saya a buɗe. Ranar da ya rasa mai saye da mai buɗewa, sana'ar ta mutu.

Idan kuwa fuskar na'urar ta nuna saƙon cewa ta ɓata, da lambar da za a kira, to babu sauran shubuha. Mai ita yana nemanta, buɗe ta haramun ne. Allah Ya hana cin dukiyar juna da ɓarna a Suratun Nisa'i aya ta 29. Kada ka ce ai da kuɗina na saya: ciniki ba ya sauya mallaka idan mai sayarwa bai mallaki abin ba. Malaman fiƙihu sun ce mai kaya shi ya fi cancanta da kayansa a duk hannun da ya same su, kai kuma ka koma wa wanda ya sayar maka ka karɓi kuɗinka. Tsufan na'urar ba ya canja komai, ko da kamfanin ya daina kula da irinta. Wataƙila a cikinta akwai hotunan iyayen da suka rasu, waɗanda suka fi masa ita daraja.

Abin da ya kamace ka yanzu shi ne ka mayar da ita ka nemi kuɗinka, domin makullin aibi ne da ake mayar da kaya saboda shi idan ba a bayyana maka ba. In da lamba a fuskarta ka kira, ko ka kai wa hukuma, don dokar ƙasa ma tana hukunta mai karɓar kayan sata. In mai sayarwa ya ɓace, zatonka ya rinjaya cewa ta sata ce, ka yi iya ƙoƙari ba ka kai ga mai ita ba, malamai da yawa sun ce dukiyar da aka ɗebe tsammanin sanin mai ita ana sadaka da ƙimarta da niyyar lada ya je masa. In kuwa babu wata alamar sata, ka saya a wurin amintaccen ɗan kasuwa da ya san asalin kayansa, muna fatan babu laifi a kanka in ka buɗe, ko da yake bari ya fi.

Wanda ya tsinci waya shi ma ba shi da ikon kai ta a buɗe. Hadisin Zaidu bin Khalid al-Juhani a Bukhari da Muslim ya ɗora wa mai tsintuwa cigiyar shekara guda, kuma ko bayan shekarar in mai ita ya zo sai a ba shi. Haka Ibn Abi Zaid ya kawo a Risala. Ita waya ma cigiyarta ta fi ta komai sauƙi: ka bar ta a kunne da layinta, mai ita zai kira.

Kai kuma mai gyara, sana'arka halal ce, amma Suratul Ma'ida aya ta 2 ta hana taimakekeniya a kan saɓo da ƙetare haddi. Ka nemi rasit ko kwalin da lambarsa ta dace da ta wayar, ko wata shaida da zuciyarka za ta natsu da ita, ka rubuta sunan wanda ya kawo. Wanda yake zuwa maka da wayoyi uku yau, biyu gobe, duka ya manta kalmar sirrinsu, ka san ko wane ne. Mafi muni shi ne abin da wasu ke yi na tura wa mai wayar saƙon ƙarya da sunan Apple, wai an ga wayarsa, don ya shigar da kalmar sirrinsa su sace. Wannan ƙarya ce da yaudara a kan wanda aka riga aka zalunta, kuɗinsa haramun ne.

Sannan ka sani irin wannan buɗewar ba ta cire makullin daga rumbun kamfani, ɓoye shi kawai take yi. Sau da yawa layi ba ya kamawa, kuma da an sake filashin makullin zai dawo. Duk wanda zai sayar da na'urar da aka yi wa haka, ko da tasa ce ta halal, wajibi ne ya faɗa wa mai saye, ya kuma sa mata kuɗin da ya dace da halinta. Ɓoyewa algus ne, kuma hadisin Abu Huraira a Sahihu Muslim ya yi kashedi mai tsanani a kansa. Mai saye in ya gano daga baya yana da zaɓin mayarwa ya karɓi kuɗinsa.

Allah ne mafi sani.