Wata Ba Shi da Laifi

Karatu: Matiyu 17:14-18

Masu karanta tsohon juyin Littafi Mai Tsarki na Turanci, wanda aka buga a Ingila a 1611, sukan ci karo da kalmar "lunatic" a Matiyu 4:24 da 17:15. Ma'anarta a bakin Turawa ita ce mahaukaci. Tushenta "luna" ne, wato wata a harshen Latin. Mutanen dā sun ga ciwo yana tashi, ya lafa, ya sāke tashi, sai suka ɗora wa wata laifi, suka ce shi ne yake juya hankalin mutum.

Kalmar Helenanci da Matiyu ya mora, ita ma daga sunan wata take. Amma yaron da muka karanta labarinsa faɗuwa yakan yi cikin wuta da cikin ruwa, shi ya sa juyinmu na Hausa ya kira ciwonsa farfaɗiya. Farfaɗiya kuwa dabam, taɓin hankali dabam.

Kalmar ta shiga dokar ƙasarmu a zamanin mulkin Turawa, a 1916, aka sabunta dokar a 1958. Ƙarfinta yana kan tsare mara lafiya ne, ba kan warkar da shi ba. Amurka ta cire kalmar daga dokokin tarayyarta a 2012. A 2023 aka sanar da sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Nijeriya, wadda ta maye gurbin tsohuwar.

Hausawa sun ce suna linzami ne. Wanda muka kira mahaukaci a kasuwar Maigatari ko a tashar Gumel, yara za su bi shi da jifa. Wanda muka kira mara lafiya, magani za mu nema masa. Mahaifin yaron nan bai ɓoye ɗansa a ɗaka ba, bai sa masa mari ba, gaban Yesu ya kawo shi. Idan akwai irin wannan a gidajenmu, a Gagarawa ko Sule Tankarkar, mu yi masa addu'a, mu kuma kai shi wurin likita. Akwai asibitin masu taɓin hankali a Dawanau, a Kano. Addu'a ba ta hana magani.

Bari mu yi addu'a: Ya Ubangiji, ka tsarkake bakinmu, ka ba mu zuciyar tausayi ga masu ciwon hankali da iyalansu. Cikin sunan Yesu, amin.