Wa Zai Ɗauki Nauyin Karatun Jami'a Bayan Aure Ya Mutu?

Idan aure ya mutu, alƙali yakan yanka wa uba abin da zai riƙa bayarwa duk wata domin 'ya'yansa da ke hannun uwarsu. Magana takan lafa har ran da yaro ya sami shiga jami'a. A nan ne wani uban yakan ce ai ɗa ya balaga, shi kam ya sauke nauyi.

To, maganarsa ba ta rasa tushe ba. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunan Shari'a na arewacin Nijeriya ke bi, Risala da Muhtasar sun nuna ciyar da ɗa namiji wajibi ne a kan uba har ya balaga, muddin ba shi da nakasar da za ta hana shi nema. 'Ya mace kuwa sai ta yi aure ta tare. Watau budurwar da ke jami'a cinta da tufafinta suna wuyan ubanta.

Amma fa malamanmu sun yi iyaka da balaga ne a zamanin da saurayi ke da gayaunarsa ko rumfarsa a kasuwa. Wanda ya shiga karatun likita yana ɗan shekara 18, da sauran shekara 6 a gabansa, ina zai ga lokacin nema? Malaman Hanafiyya na baya, irin su Ibn Abidin, sun sa ɗalibi mai himma cikin waɗanda suka gaza nema, ciyarwarsa tana kan uba. Maroko, Malikawa ne irinmu, dokarsu ta iyali ta 2004 ta ce a sashe na 198 a ci gaba da ciyar da mai karatu har shekara 25. Masar ma ta sa neman ilmi cikin uzurori a dokarta ta 1985.

Mu dai a ganinmu wannan hanya ta fi kusa da adalci, bisa sharaɗin yaro yana karatun da gaske, kuma a auna ƙarfin uba yadda aya ta 7 ta Suratuɗ Ɗalaƙi ta yi umurni. Na ma'aikaci da sauƙi, albashinsa sananne ne. Ɗan kasuwa ne sai an nemi shaidar abokan cinikinsa, su kuwa ba kasafai sukan so tona asirin juna ba. Saboda haka muna ba iyaye shawara, tun ran da ake sulhun rabuwa, a rubuta maganar kuɗin makaranta gaban alƙali da waliyyai, a kuma yarda uba ya riƙa biya kai tsaye ga jami'ar, ya riƙe rasit.